Yadda Za Ka Gano Matsalar Wutar Allonka Ba Tare da Ka Taɓa Mita Ba

Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ka zo wurin masani. Ka sayi ɗan allon lantarkin nan mai ƙwaƙwalwa, ka haɗa akwatin ƙyanƙyasa da hita da ɗan injin juya ƙwai. Ka lallashi matarka har ta kwashe ƙwai goma sha huɗu daga ƙarƙashin kazarta ta damƙa maka. Yanzu allon sai mutuwa yake yana farfaɗowa. Bi matakan nan, na rantse za ka gano matsalar. Yaushe? Wannan kuma ba a cikin alkawarin yake ba.

1. Ɓoye mita

Mitar gwada wuta tana cikin durowa, ƙarƙashin tsofaffin batura. Bar ta can. Mita abar masu shakka ce, kai kuwa ka kalli bidiyo bakwai. Gwani da ido yake awo, in abin ya yi tsanani ya sa hanci.

2. Yarda da abin da gilashi ya faɗa

Ka tuna yadda ka tsara aikin: da allon ya tashi, ɗan gilashinsa ya rubuta "Lafiya lau", sannan ya juya ƙwai, sannan ya kunna hita. To, da injin juyawa ya motsa sai ya zuƙe wutar, allon ya suma, ya farfaɗo, ya sake rubuta "Lafiya lau". Hita kuwa sai an yi sa'a ake isa kanta.

Wawa zai ce wannan alamar ciwo ce. Kai ka ɗauke ta shaida. Na'urar da ke cewa lafiya lau sau ɗari a yini, me kuma kake nema a wurinta?

3. Kare kanka daga hannun matarka

Za ta zo, tabbas. Za ta buɗe akwatin, ta ɗora bayan hannu a kan ƙwai, ta ce, "Injiniya, ƙwan nan fa da sanyi."

Kada ka firgita. Injiniyan nan zolaya ce, ta san kai malamin lissafi ne, amma karɓi sunan. Nuna mata gilashi ka ce, "Karanta da kanki."

"Na karanta. Amma ko jiya da na taɓa haka na ji."

"Hannunki ne, daga wanke-wanke kike."

Za ta dube ka, ta dubi kazar da ke zagaye tsakar gida tana ƙorafi, ta fita. Ka ci wannan zagayen.

4. Zargi na nesa

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Fara da masu kawo wuta, su sun saba. Koma kan mai shagon da ya sayar maka da allon, ka je ka ce jabu ne. Zai ce, "Yallaɓai, da wace caja kake ba shi wuta?" Kada ka amsa, wannan shiga sirri ne. Ina ruwansa da cewa tsohuwar cajar rediyo ce da kebul siriri kamar zaren ɗinki, kuma ita kaɗai ke ciyar da allo da inji?

Sayi sabon allo, ka jona shi a cajar nan dai. In shi ma ya suma, ka tabbatar duk kasuwar jabu ce.

5. Sake rubuta tsarin

Wannan matakin ya fi kowanne daɗi, don yana cin kwanaki kuma ana ganinka kana aiki. Goge layi, ƙara layi, sauya "Lafiya lau" zuwa "Komai daidai". Ka riƙa tsaki a gaban kwamfuta don a san abin ba na yara ba ne. In matarka ta leƙo ta ce, "Ko dai a mayar wa kazar kayanta tun ba ta daina kwanci ba?" ka ce, "Kwana biyu kawai ki ba ni." Kwana biyu ba ya ƙarewa, ni na ci goma sha ɗaya da shi.

6. Rana ta ashirin da uku

Kaza kwana ashirin da ɗaya take yi. Ka kasa kunne a jikin akwati, shiru. Matarka ta riga ta wanke ɗan kejin 'yan tsaki, ta yi wa ƙanwarta alkawarin huɗu. Za ta ɗauki ƙwai ɗaya ta fasa a bayan gida, ba za ta kira ka ba. Za ka ji ƙarar tsintsiya kawai.

Wallahi gara ta yi faɗa. Ba za ta yi ba.

7. Yanzu ɗauko mita

Ɗora ta a bakin wutar allon. Bolt biyar. Bari inji ya motsa: ta faɗo uku. Shi ke nan, minti ɗaya. Ba inji tasa cajar, ba allo kebul mai kauri, haɗa baƙaƙen wayoyinsu wuri ɗaya. Hita za ta kama, akwati ya yi ɗumi mai kyau, ba ko ƙiftawa.

Kira matarka da murna. Za ta sa hannu cikin akwatin da tuni ta kwashe ruɓaɓɓun ƙwan ciki, ta jinjina kai.

"Madalla, Injiniya. Ɗumi kam ya samu. Sai ka nemo wadda za ta ba ka ƙwai."

Hattara

Mai wannan rubutu bai ɗauki alhakin ƙwai ko allo ko zaman lafiyar gidan kowa ba. Shi ma kazar gidansa ta soma sabon kwanci, an sa wa akurki kwaɗo, kuma ba a ba shi makulli ba.