Farfesan Falo da Jan Kifinsa

A cikin duk waɗanda Allah Ya hore wa ido biyu, babu wanda ya iya kallo kamar Farfesan Falo. Sauran jama'a gani kawai suke yi. Shi ne mai kallo, kuma ya sha faɗa cewa tsakanin gani da kallo akwai tafiya mai nisa, wadda shi kaɗai ya kai ƙarshenta a unguwar.

Aikinsa na neman abinci kula da sito ne a wani kamfanin kujeru, amma wannan ba ya cikin abin da yake so a ambata. Abin da yake so a ambata shi ne, yana saurayi ya taɓa riƙe wa wasu masu ɗaukar talla fitila, tun daga hantsi har rana ta take. Daga ranar ya shiga harkar fim, bai kuma fita ba, ko da yake har yanzu harkar ba ta san ya shigo ba. 'Ya'yansa ne suka laƙa masa Farfesan Falo. Da sunan ya iso kunnensa, sai ya ɗauki rabin farko ya bar musu rabin ƙarshe.

Fanninsa katun ne. Ba kuma kowane katun ba, sai wanda duniya ta zalunta: an zana shi da gumi, an jefa shi can ƙasan manhajar kallo, inda yatsa ba ya kaiwa sai ya gaji da gungurawa. Gaskiya ɗaya kuma dole a faɗa, mutumin yana da hannun zaɓe. Shi ya tono fim ɗin butar shayin nan mai tsoron wuta. Shi ya tono na maɓallin da ya tsinke daga kwat ya faɗa cikin kujera, ya tarar da gari guda na ɓatattun kaya a ciki, har da sarkinsu, wani tsohon cokali. Fina-finai ne masu daɗi. Haka dai aka ce. A gidan babu wanda ya taɓa ganin ƙarshen ko ɗaya.

Dalili kuwa, Farfesa ba ya barin fim ya tafi shi kaɗai. Rimot na hannunsa kamar can aka halicce shi. Da zarar abu ya fara daɗi, sai ya danna, hoto ya sandare, ya miƙe ya ba talabijin baya, ya fuskanci iyalinsa ya yi musu bayanin abin da suka gani.

Ana nan sai ruwan sama ya zo da abin da ba a saba ba. Ya tsuge ya ƙi ɗaukewa, gadar da ta haɗa unguwar da gari ta nutse, aka rufe makarantu, aka ce kowa ya zauna gida. Surukar Farfesa, wadda ta zo yini, ita ma ruwa ya tsare ta. Mutane na ta juyayi. Farfesa kuwa ya leƙa taga, ya ga titi ya zama kogi, ya waiwayo ya ga mutum biyar da ba su da wurin gudu, ya yi godiya ga Allah.

Alherin bai tsaya nan ba. Wata safiya gidan rediyo ya ba da sanarwa cewa, tunda iyalai na kulle, ana neman wanda zai bugo waya ya ba da shawarar katun da ba a san darajarsu ba. Wanda ya burge za a ba shi filinsa na kansa kowane mako. Shekara da shekaru Farfesa na aika wa gidan rediyon nan saƙon neman fili, su kuma suna aiko masa da shiru. Wannan karon da ya buga, aka ce ya shirya, jibi za a kira shi. Ya ajiye waya, ya ce wa matarsa, "Sun gaji da jin kunya."

Saura a samo fim ɗin da zai kai. Ya tara kowa a falo gaban sabon talabijin ɗinsa, wanda ya saya makonni kaɗan kafin zuwan ruwa, ledar gefensa ma bai ɓare ba. Takardar bayanin da ta zo a kwalin kuwa, ƙarƙashin tukunyar fure ya shimfiɗa ta, don mai fitila a tarihinsa ba ya buƙatar a koya masa talabijin.

Ya saka musu fim ɗin wata tsohuwar akuya mai burin zama direban bas. An ɗauke ta kwandasta, amma duk tikitin da fasinja ya miƙo sai ta cinye. Yara na birgima a kan kafet. Suruka ta rufe baki da gefen mayafi, kafaɗunta na tsalle. Ga direba ya sauka shan ruwa, ga akuya ta ɗora kofato a kan sitiyari, bas ya fara gangara.

Farfesa ya danna.

"Ku lura da kunnenta na hagu," in ji shi, ya miƙe ya ba talabijin baya. "Me ya sa ya lanƙwashe? Kuna tsammanin kuskure ne? Mai zane ba ya kuskure. Kunnen nan ɗan Adam ne. Sitiyarin nan rayuwa ce."

"Baba, bas ɗin fa zai faɗa rami," in ji babbar 'yarsa.

"Ramin ba inda za shi. Inna, kun ga dai irin tarbiyyar zamani. Gaggawa."

"Na gani, ɗan nan," in ji suruka. "Ni ma dai ramin nake jira."

Bai ji ba, ya riga ya hau bayani. Ranar ce ya yi bayani mafi tsawo a rayuwarsa, don yana gwajin muryar rediyo. Ya taso daga kunnen akuya, ya bi ta tarihin fensir, ya ratsa ta ranar da ya riƙe fitila. Autan gidan ya yi barci da baki buɗe. Can da yawu ya ƙare masa, sai ya juyo don ya nuna kunnen.

Babu akuya. Babu bas. Ruwa ne shuɗi ya cika talabijin, wani jan kifi na tafiya a hankali daga hagu zuwa dama. Ba kiɗa, ba magana. Ya kai ƙarshe, ya juyo, ya koma hagu. Kumfa ta tashi.

Kowa a falon ya san ko mene ne. Hoton nan ne da talabijin ke sakawa da kansa idan an bar shi an daɗe ba a taɓa ba. Suna ganinsa duk ranar da suka tsayar da kallo suka tafi cin abinci, maigida na sito. Farfesa kaɗai bai taɓa haɗuwa da shi ba, don yatsansa bai taɓa ba rimot hutu mai tsawon haka ba.

Ya zauna a hankali. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Na'urar nan ta gane da wa take zaune," in ji shi cikin raɗa. "Ta ji matsayin maganata, ta kawo mini daidai ni."

'Yar ta buɗe baki. Uwar ta taka mata ƙafa.

Da abin ya ratsa shi, ya danna don ya tsayar ya yi bayani. Kifi ya ɓace, akuya ta dawo da kofato a kan sitiyari. Ya nemi kifi sama da ƙasa a manhaja, babu. Ya rubuta kifi, ya rubuta ja, ya rubuta ruwa. Da ya rasa, ya ajiye rimot ya shiga yi wa iyali bayanin girman abin da suka rasa. Yana cikin yi, kifi ya dawo.

"Kun gani? Fim ne mai mutunci. Ba ya yarda a katse shi, ba ya kuma zuwa sai an yi magana mai nauyi."

"Ai mu kam ya fi ƙarfinmu, Baban yara," in ji matar. "Bari mu ba ka wuri, kada numfashinmu ya kore shi."

Suka sulale ɗaya bayan ɗaya zuwa ɗakin kwana. Aka kunna fim a wayar uwar, aka jingina ta da filo, aka cunkushe a gado, suruka a tsakiya. Bas ya faɗa rami, akuya ta fito da shi da ƙaho. Butar shayi ta daure ta hau wuta don ta dafa wa tsohuwar mai ita magani, har suruka ta share hawaye ta ce mura ce. Maɓalli ya koma kwat ɗinsa, ya tarar an ɗinka wani a gurbinsa, ya juya ya koma cikin kujera, ɓatattun kaya suka naɗa shi waziri. Tunda aka haɗa gidan da intanet ba a yi dariya irin ta wannan kullen ba. Farfesa na jiyo su daga falo, yana girgiza kai don tausayi, idonsa a kan kifi. Abinci ma nan ake kai masa. Ya gano cewa wani lokaci kifin yana ɗan jinkiri kusa da wani dutse, ya kuma gano dalili.

Ranar kira ya yi wanka, ya sa kwat, ya ɗaura laktaye, ya fesa turare, don rediyo ma a wurinsa tana da hanci. Matar ta tsaya bakin ƙofa, zuciyarta ta ɗan karye.

"Baban yara, kifin nan fa, akwai abin da ya kamata ka sani."

"Riƙe ra'ayinki. Zai gurɓata nawa."

Waya ta yi ƙara. Iyali suka koma ɗaki suka kunna rediyo, suka turo ƙofa.

"Masu sauraro," in ji Farfesa bayan mai gabatarwa ta gaishe shi, "na zo muku da fim ɗin da ya fi kowane fim shan zalunci. Tauraronsa kifi ne. Ba ya magana, don ya wuce magana. Yana zuwa dama, bai sami abin da yake nema ba. Yana komawa hagu, can ma babu. Wane ne a cikinmu ba haka yake ba?"

"Allah Sarki," in ji mai gabatarwa. "Yaya sunan fim ɗin, malam?"

"Ba shi da suna. Suna na masu neman kasuwa ne."

"To yaya ya ƙare?"

"Tun shekaranjiya nake kallo, bai ƙare ba. Wannan shi ne ƙarfinsa."

"Iyaye za su so su san inda za su same shi."

"Ba a nemansa. Ki saka kowane fim, ki tsayar, ki ajiye rimot, ki yi magana mai ma'ana. Idan kin cancanta, zai zo."

Sai aka ji wani sauti a rediyo kamar an danne bakin tiyo. Mai gabatarwa ta ce a gafarce ta, ta dawo, ta sake cewa a gafarce ta. Can bayanta wani namiji na dukan tebur. A ɗakin kwana suruka ta cusa fuska cikin filo.

Aka buɗe layi. Wani tela ya ce shi ma kifin yana zuwar masa duk sanda ya tashi guga, ashe ya cancanta bai sani ba. Wata mata ta ce ita nata talabijin duwatsu yake nunawa da gajimare, ko kashi na biyu ne?

"Mai yiwuwa," in ji Farfesa da nauyin murya. "Amma ina shakka ko ya kai na farko."

Nan mai gabatarwa ta kasa daurewa, aka saka talla.

Farfesa ya ji dariyar, ya kuma fahimce ta sarai. Haka mutane ke yi idan ilimi ya zo musu ba shiri.

Kafin azahar shugaban shirye-shirye ya kira da kansa. Ya ce tunda aka kafa gidan layi bai taɓa cika haka ba. Ya ce sun ga masu wannan sana'a da yawa, amma ba su taɓa ganin wanda ke yi har ƙarshe bai ko murmusa ba. Fili ya zama nasa, kowace Asabar, a cikin shirinsu na barkwanci, bayan mai kwaikwayon kukan dabbobi.

Farfesa ya tura ƙofar ɗaki, ƙirji a gaba. Aka yi maza aka tura waya ƙarƙashin bargo.

"Na samu," in ji shi. "Sun sa ni a shirin da ya fi jama'a, don a ɗaga darajarsa. Sai dai sun ɗora mini nauyi. Wai kowane mako in zo musu da irin na yau. A ina mutum zai riƙa samo irin wannan?"

Yara suka dubi uwarsu, uwar ta dubi silin. Suruka ta gyara zama, ta dube shi da tausayi irin na uwa.

"Kada ka sa wa ranka damuwa, ɗan nan," in ji ta. "Kai dai ka je ka buɗe baki."