Mutumin Laberiya na Makarantar su Hafsat

Ba zan taɓa mantawa da abin da Alhaji Garba ya yi min ba. Ya ji kuskure a bakina, ya san kuskure ne, bai gyara min ba, ya tura ni gaban iyayen yara na faɗa da ƙarfi don biyan buƙatarsa. Kuma mutumin nan benci ɗaya muka zauna da shi a firamare.

Ni mai walda ne a Unguwar Sarki. Karatuna a aji biyu na sakandare ya tsaya (ba kora ta aka yi ba, ni na kori kaina). Shi kuwa Garba ya ci gaba, yau yana da makaranta tasa a Unguwar Rimi, can na sa 'yata Hafsat.

Yarinyar nan har ta kai aji huɗu ba ta iya haɗa layi ɗaya na karatu. Sai kawai ta fara dawowa gida da ƙananan littattafai, na Hausa da farko, daga baya na Turanci. Cikin shekara guda ita ke karanta wa kakarta takardar magani. Ranar da aka turo min wani saƙo a waya wai a daina shan ruwan famfo, ita ta karɓa ta duba, ta ce babu sunan wanda ya rubuta, babu kwanan wata, kada in tura wa kowa. Na tambaye ta wa ke koya mata wannan. Ta faɗi wata kalmar Turanci, ni kuma abin da ya shiga kunnena shi ne "Laberiyan ɗinmu".

Shi ke nan, na ɗauka na ajiye. Na taɓa hango mutumin a bakin get ɗin makarantar, siriri, baƙi, da tabarau, yana yi wa yara Turanci. Na ce lallai kam, kamarsu ce. Ban tambayi kowa ba, don a lokacin gani nake babu abin da ya kai tambaya zubar da girma.

Wata rana Alhaji Garba ya kawo min gyaran ƙofa, muna hira ya ce yana so ya mai da ɗakin littattafan makarantar ɗakin kwamfuta, amma iyaye sun ƙi, wai saboda malamin da ke wurin. Na ce ai ni ma abin na damuna: mutumin ya iya aiki, amma yaranmu na yawo da digiri babu aikin yi, a ɗauko wani tun daga Laberiya? Ya tsaya ya dube ni. Na ga bakinsa ya motsa. Sai ya ce, "Mutumina, wannan magana ce. Ka faɗe ta ranar taron iyaye."

Ranar Asabar ɗin da aka yi taron na sa farar shaddata ta Juma'a. Zauren ya cika, ga ma'aikatan gwamnati, ga mata da manyan mayafai, malamai kuma a jere a gefe. Da aka zo batun ɗakin littattafai, Alhaji ya nuna ni da hannu, ya ce akwai wani uba mai muhimmiyar magana. Na miƙe (har da gyaran murya). Na ce ba ni da ƙiyayya da baƙi, amma kowa ya koma ƙasarsa ya yi wa 'yan'uwansa aiki, a sallami ɗan Laberiyan nan a ba ɗan gida.

Sai wata mata a baya ta ƙyalƙyale, daga nan zauren ya ɗauka.

Mutumin ya tashi a hankali ya cire tabarau. Da Hausa tsantsa, irin ta Zazzau, ya ce, "Baban Hafsat, sunana Sabo. A Tudun Wadan Zariya aka haife ni, ko Legas ban taɓa zuwa ba. Abin da yara ke kira na da shi, ma'anarsa mai kula da laburare, wato ɗakin littattafai." Bai yi dariya ba. Da ma ya yi, da na fi samun sauƙi.

Na zauna. Abin da ban gane ba sai daga baya, dariyar nan ita ce ta gama da Malam Sabo. Iyayen da suka zo da niyyar kare shi sun shagala da goge hawaye. Alhaji ya ce to, raha ta isa, ko daga ina malam yake, zamani ya canza, yanzu komai na cikin waya, su wa suka yarda a mai da ɗakin na kwamfuta? Hannuwa suka tashi ana ta murmushi. Ƙarshen zangon nan aka sallame shi.

Hafsat ta yi sati ba ta haɗa ido da ni ba. Abin da na koya, a makare, shi ne tambayar da na ƙi yi wa yarinya a tsakar gidana, ita aka amsa min a gaban jama'a, kuma wani ne ya rasa abincinsa a kai.

Bayan hutu Alhaji ya kira ni in auna tagogin ɗakin, a sa ƙarfe saboda ɓarayin kwamfuta. Na je. Kantocin duk an kwashe, littattafan na cikin kwalaye a bayan ƙofa, ruwan sama ya jiƙa na ƙasa. Alhaji ya shigo yana dariya, yana tambayata ya mutanen Laberiya.

Na naɗe tef ɗina na awo na sa a aljihu. Na ce, "Garba, ni kalma ɗaya ce ban sani ba, kuma an koya min ita a tsaye. Kai ka san kalmar, ka san aikin da mutumin ke yi wa yaran nan, ka kore shi. Nemi wani mai waldar. Hannuna ba zai sa ƙarfe a ɗakin nan ba."