Guguwar Konni a Garkar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da Baffa ya aike ni Badaguishiri ba, ko da yake Allah ya sani na yi iya ƙoƙarina in manta. Bincike aka tura ni, irin wanda ake yi kafin a ba mutum aure: a je garinsu a ji ɗan gidan wa ne, yana salla, yana da sana'a, yaya zamansa da mutane. Ƙanwata Rakiya ake nema. Tun rasuwar mahaifinmu Baffa ne uba a gare mu, ga shi ciwon ƙafa ya hana shi doguwar tafiya, sai ya ce da ni, "Kai ne babba, tafi ka gano mana. Abin da ka zo da shi, da shi za mu yi aiki." Wato auren Rakiya a bakina ya rataya. (Da Baffa ya san irin bakin, da ya nemi sanda ya dogara ya tafi da kansa.)

In faɗi gaskiya, tun kafin in tada moto, wato babur ɗina, na riga na gama binciken a zuciyata. Sau ɗaya tak na taɓa ganin Isuhu, mai neman nata, ranar da ya zo gaida Inna. Gajere ne, baƙi, idonsa na hagu ya ɗan karkace, ga faso a dugadugansa, ga takalmin roba. In ka yi masa magana sai ya yi shiru har ka zaci bai ji ba, sannan ya amsa. Rakiya kuwa malama ce, shekara biyu tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, a can garin su Isuhu, kuma ba don ƙanwata ba ce, duk unguwarmu babu mai kyanta. Na ce a raina, haba, duk samarin Konni a rasa wanda za ta kawo sai manomin albasa? Ni abokina Nasiru na so mata, dogon saurayi mai shadda da turare, wanda ke harkar fiton kaya a bakin iyaka. Da na faɗa mata haka, ba ta yi gardama ba, hawaye kawai suka cika mata ido.

"Yaya, fuskarsa ka gani, ba ka ga halinsa ba. Don Allah in ka je ka zauna da shi, ko na awa ɗaya ne."

Na ce to, don dai ta bar ni in sha iska. Lambar wayarsa ma da ta so ba ni cewa na yi ba na buƙata, ta dai gaya masa ina tafe.

Dole in ɗan kauce in ba ku labarin cutar da nake fama da ita a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane girman kunyar ba. Ina da ɗan shagon sayar da wayoyi kusa da tasha, kuma in babu ciniki ba ni da aiki sai wasan ƙwallo na cikin waya, wanda ake bugawa da mutum na gaske yana wani gari. Muna da gurup na 'yan jihar Tawa inda ake haɗa karawa. Sunana a can Guguwar Konni, da hotona a kan moto, na sa baƙin gilashi. Aƙidata guda ce: gudu. Kowane ɗan wasa a ciki yana da makin gudu, ni kuwa duk wanda makinsa bai kai sama ba, ba ya kwana a ƙungiyata. In na sami ƙwallo sai in jefa wa ɗan gefen dama, in danne maɓallin gudu har babban yatsana ya yi kanta. Haka na riƙa yi wa 'yan Malbaza da Illela ruwan ƙwallaye, har kaina ya kumbura.

Sai wani ya shigo gurup ɗin, ba suna, ba hoto. 'Yan wasansa duk masu nauyin jiki, irin waɗanda kowa ke zubarwa, shi ya sa muka laƙaba masa Tsoho. Karawarmu ta farko ya ci ni biyu da nema. Na ce rezo ne, layin waya ne ya yi rauni. Ta biyu ya ci ni ɗaya, na ce yatsana ne ya yi gumi. Abin haushin, ba ya ko gudu. Sai ya riƙa miƙa ƙwallo gajere-gajere, ya mayar baya, ya sake kawowa, ni kuwa ina ta zarya a fili kamar kazar da aka yanka, kafin in ankara ta shiga raga. Wata shida ana haka, sau biyu kawai na yi kunnen doki da shi. Tunda na kasa da yatsa, sai na koma baki. Duk ranar da ya ci ni sai in aika masa saƙon murya na cin mutunci, shi kuwa amsarsa ɗaya ce, a rubuce: "Allah shi ba da haƙuri, wasa ne." Wallahi wannan amsa ta fi cin ƙwallon yi mini ciwo.

To, mu koma ga Asabar. Na kama hanya da sassafe, na karya kwana a Tsarnawa, hantsi na isa. Na tambayi mai shayi, na tambayi ladan, na tambayi wata tsohuwa mai tuyar ƙosai, kowa sai yabo. Wannan ya ce shi ke gyara wa maƙwabta injin ban-ruwa ba ya karɓar komai, wancan ya ce bai taɓa jin muryarsa sama da ta wani ba. Ni kuwa ba abin da na zo nema ke nan ba. Aibi nake nema, ko ɗan ƙarami ne, in kai wa Baffa. Na ce a raina an dai haɗa baki.

A garka na same shi, cikin kwari, yana sakar wa fangalin albasa ruwa. Ya wanke hannu ya taho da sauri-saurinsa (wanda a wurina tafiyar hawainiya ce), ya durƙusa ya gaishe ni, yana kirana Yaya alhali na tabbata ya girme ni. Ya shimfiɗa mini tabarma ƙarƙashin mangwaro. A gefe mahaifinsa na zaune yana tsintar iri, dattijo mai farin gemu da fara'a. Aka kawo fura mai sanyi, na sha na yi gyatsa ba ko kunya.

Daga nan hira ta ƙi tafiya. In tambaye shi, ya yi shirun nan nasa, ya ba ni amsa kalma uku. Sai shaiɗan ya raɗa mini in nuna masa bambancin ɗan birni da ɗan ƙauye. Na zaro wayata na buɗe wasan.

"Ka san wannan kuwa?"

Ya dubi wayar, ya dubi ƙasa. "Ina ɗan taɓawa, Yaya."

Dariya ta kama ni. Na shiga yi masa lacca, cewa duniyar yanzu ta mai sauri ce, a fili da cikin waya, wanda ya tsaya lissafi sai dai ya sha ƙura. Na nuna masa 'yan wasana ɗaya bayan ɗaya. Sannan, don bakina ba ya da linzami, na kawo zancen Tsoho, wani matsoraci da ke cin mutane da sa'a.

"Bari ma ka ji yadda na wanke shi shekaranjiya."

"Yaya, bar shi, ba sai mun ji ba," in ji shi, da wata irin murya ƙasa-ƙasa. "Ga Baba nan."

Ina! Na ƙure ƙara na danna. Muryata ta cika garkar: "Kai Tsoho, wannan ba wasa ba ne, tsoro ne! Halan gadonsa ka yi a gidanku. Wadda duk ta aure ka ta shiga uku, sai ta yi furfura kafin ka kai ƙofar ɗaki!"

Ni kaɗai na yi dariya. Dattijon ya ɗago kai ya ce, "Subhanallahi, ɗana, wa kake ma wanga wankin babban bargo?" Na ce wani ne can, Baba, bari ma in kira shi yanzu ku ga yadda zan yi da shi. Isuhu ya yunƙura zai tashi, wai zai duba ruwa. Na kama hannunsa na zaunar da shi, na ce ruwa ba zai gudu ba. Na aika wa Tsoho gayyatar karawa.

Sai usur ya tashi a saman kanmu. Usur ɗin wasan, wanda ko cikin barci na ji shi na san shi. Rigar Isuhu ce rataye a reshen mangwaro, daidai kan dattijon. Tsohon ya miƙa hannu ya laluba aljihu ya zaro wata waya mai tsagaggen gilashi, an ɗaure bayanta da roba.

"Isuhu, wayarka na kuka." Ya nisantar da ita daga idonsa yana dubawa, ya dube ni, ya sake duban wayar. "A'a! Wanga mai baƙin gilashi bisa moto, ba baƙonmu ba ne?"

Jama'a, na sha jin ana cewa mutum ya so ƙasa ta tsage ya shige, ranar na san ba ƙarya ake yi ba. Gumi ya karyo mini har cikin takalmi. Usur kuwa bai fasa ba, don na ma manta da kashe gayyatar.

Dattijon ya haɗa zancen, sannan ya gyara zama. "To, ashe mu ne gidan da anka gaji tsoro." Ya ƙyalƙyale da dariya har da tari. "Ni dai albasa na san na koya mai. Tsoron, sai dai ko wajen uwa tai."

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Na durƙusa gabansa ina ba da haƙuri. Isuhu ne ya cece ni. Ya ce, "Baba, wasan samari ne, haka kowa ke yi cikin gurup ɗin." (Ƙarya ce ya yi don ya rufa mini asiri, ni kaɗai ke yi.) Ya ce in zo ya nuna mini rijiya, muka bar wurin.

Da muka yi nisa na tambaye shi tun yaushe ya san ni ne. Ya ce tun ranar farko, ai hotona na nan.

"Rakiya ta sani?"

"A'a. Tana ganin girmanka ƙwarai, Yaya. Mi zan ƙaru da shi in na rage mata wannan?"

Wata shida yana riƙe da muryata a aljihu. Saƙo ɗaya zai tura mata, ko ya kunna wa Baffa, maganata ta zube a gidanmu, don wa zai saurari mai irin wannan baki a kan halin wani? Kuma ya san sarai ba na son sa da ita, ta gaya masa. Duk da haka bai yi ba. Na ce to, tunda ka san ni ne, kuma ka san abin da kake nema a hannuna, me ya hana ka bar ni in ci ko sau ɗaya?

Ya yi shirun nan nasa, wanda a karon farko na jira shi ba tare da ƙosawa ba.

"Na yi tunanin haka. Sai na ga in na fara shiga gidanku da yaudara, ban san inda zan tsaya ba."

Sai na fake da tambayar yadda yake cin nawa. Ya ɗauki fartanya ya toshe bakin wani fangali da ƙasa, ya buɗe na kusa da shi, ruwan ya juya ya bi.

"Ruwa ya fi ni gudu, amma inda na buɗe mai nan yake bi. Kai kullum gefen dama kake sako mai gudun nan naka. Sai in bar maka hanyar a buɗe, in aje mutum biyu su jira shi a ƙarshenta. In ka riƙa ɗaga kai kana duban fili kafin ka danna, wallahi da wuya in ci ka, don hannunka ya fi nawa."

Har ya ƙare bai yi mini dariya ba ko sau ɗaya, kuma na duba fuskarsa da kyau ina neman ta.

A hanyar komowa ban wuce gudun keke ba, ina ta tunani. Na je garin mutane ina auna dugadugai da karkatar ido, alhali mummunan abin da aka gani a garkar nan ranar daga bakin mai gilashi ya fito. Na tuna Nasiru, wanda na sani tun muna yara, na tambayi kaina tsakani da Allah: da shi ke riƙe da irin wannan saƙo nawa, kwana nawa zai yi bai watsa shi a fada, wurin hirar samari, ba? Amsar ba ta yi mini daɗi ba.

Bayan la'asar na sami Baffa a zaure. Na san Rakiya na laɓe bayan ƙofa, don ina ganin gefen hijabinta. Baffa ya ce, "To, me ka gano?" Da na so in ce mutumin kirki ne kawai in tashi, amma na ga in na ɓoye, na ci amanar wanda ya rufa mini asiri. Na kwashe labarin duka na faɗa, har da zancen furfura. Baffa ya dube ni, yana jan carbi.

"Wato ka zagi mutum, ka zagi gidansu a gaban ubansa, ka sha furarsu, sannan ya rako ka?"

"Har bakin hanya, Baffa. Da buhun albasa."

"To, a gaya musu su turo magabatansu. Wanda ya iya haƙuri da kai wata shida, zama da Rakiya hutu ne a wurinsa."

Daga bayan ƙofa na ji wani sauti, ban san ko kuka ba ne ko dariya, wataƙila duka biyun.

Abin da na koya bai da yawa, amma da tsada na saye shi. Kyan fuska daga nesa ake hango shi, kyan hali kuwa sai ka zauna, wani lokaci ma sai ka yi wa mai shi laifi kafin ka gan shi. Kuma in aka aike ka binciken halin wani, ka fara tsayawa ka binciki naka, don su ma mutanen garin ba makafi ba ne.