Ladan Ya Daina Kiran Ruwa

"Lahiya lau, Habboba. Ya tsufa?"

"Tsufa na gaishe ka, ya ce shina jiranka. Shigo, mijin banza."

Rabi'atu, wadda jikoki ke kira Habboba, ba ta ko ɗaga kai daga garwashin da take fifitawa ba. Tun safe take dakon wannan jikan nata, Ayman, wanda ƙungiyar manoman ƙauyensu, can kusa da Kamlin, ta ɗauka aikin kwamfuta. Shi ne ya kori tsohon barnamij, wato manhajar kwamfutar da ke raba wa manoma ranakun ruwa, ya kawo sabo, ana ta yabonsa har a kasuwa. Ita kuwa albasar hawasharta, 'yar gonar da take nomawa, ta fara lanƙwasa kai, don zagayen ruwan tur'a, magudanar da ke shayar da gonakinsu, ya wuce ta ba ta sani ba. Ranta a ɓace yake, amma kaka ba ta yi wa jika faɗa kai tsaye, sai ta bi ta hanyar zolaya.

"Ina tsarabata? Miji ya tahi birni ya dawo hannu na dukan cinya."

"Wace tsaraba? Matar da haƙoranta sunka yi hijira sunka bar ta? Na yi sabuwa, 'yar Madani, mai karatu."

"Haka ka iya. Ka saki tsohuwar gida, ka saki tsohuwar maktab. Mi waccan ta yi maka?"

"Barnamij ɗin? Habboba, ya girme ki! In an kunna shi da hantsi, sai azahar yake buɗe ido. Kamfanin da ya yi shi ma ya ce khalas, ba su ƙara gyara shi."

"To, ni ma wanda ka gyara ni ya daɗe a ƙasa, ga ni ina tahiya. Da tsohuwar zuma aka magani."

Ta zuba masa jabana, gahawa mai zafi, a ɗan finjali, ta janye kafin hannunsa ya kai.

"Sai ka gaya mani abin da kunka yi wa Malam Salihu."

"Ladan? Mi ya haɗa ni da ladan?"

"Shekara da shekaru, an sallame asuba, shi buɗe makarfon shi ce: mutanen tur'ar gabas, yau ruwanku. Da Hausa, kowa na ji. Yanzu ko uffan. Na aika a tambaye shi ko gaba shika yi da ni, ya ce risalar da ka zo mashi a waya ta daina zuwa."

"Ai sabon kowa yake aika wa a wayarshi. Kin sami taki."

"Na samu. Wayar ta yi ƙara cikin kwanon goro, na ce mata sannu. Larabcin baki na iya, na takarda ko sai dai mu kalli juna. Garin neman gira kun rasa ido."

Ayman ya buɗe baki zai rama, sai ya fasa. Rabi'atu ta san wannan kallon, irin na kakansa ne in lissafi ya kama shi. Ya ciro wayarsa yana ta latsawa.

"Akwai wata lamba a cikin tsohon," ya ce a hankali. "Ba ta da hawasha, ba ta da sunan manomi. Na ɗauka kuskure ne, na bar ta ban kwaso ba. An rubuta a gehenta: bisa roƙon Jibo."

Mafici ya tsaya a hannunta. Jibo mijinta ne, ya rasu tun Ayman yana firamare. Bai taɓa gaya mata ba. Ita duk zatonta ladan ne kawai mai kirki, ashe mutumin da ya san ba ta karatu ne ya je maktab, ofishin ƙungiyar, ya nema mata hanyar ji. Kewarsa ta taso mata sabuwa fil, har sai da ta gyara tobin da ta lulluɓa ta share ido, ta ɗora wa hayaƙin garwashi laifi.

"Ka gani?" ta ce. "Wancan shi ne miji. Shina cikin kabari shina ba albasata ruwa. Kai kana da rai ka kashe ta da ƙishi."

"Ban san tana ɗaure da wani abu ba, wallahi."

"Wa ka tambaya? Kahin ka tuge tsohon turke, sai ka duba akuya nawa ke ɗaure gare shi."

"Akuyar ke ce?"

"Ni da duk tsohin tur'ar gabas. Ka je ka ga gonar Mero, ta fi tawa kuka."

Ya yi dariya, amma idonsa bai yi ba. Ya miƙe ya ɗauki fartanyar da ke jingine a bango.

"Na sallama, Habboba, kin ci. Yau zan mai da lambar Malam Salihu. Yanzu kuma bari in roƙi samad mai kula da tur'a ko zai sako maku ragowar ruwa, ni zan buɗe da hannuna."

"Da wannan hannun mai laushi kamar na amarya?"

"Da shi."

Sai a lokacin ta miƙa masa finjalin, ta ɗora masa wata 'yar albasa a tafin hannu, ƙanƙanuwa, duk ta yamutse.

"Ga ladarka. Ka aje ta bisa teburinka, kusa da sabuwar matar. Ran da ta tsufa kunka tashi korarta, ku tambaye ta wa take kira da asuba."