Malam Supa da Gonar Bappa

Daga Fagam har Birnin Kudu, Allah bai yi masanin noma kamar Malam Iliyasu malamin gona ba. Mako biyu cur ya yi yana kwas a Zariya, ya dawo da hular kwano da takalmin roba har gwiwa, da ilimin da ya fi ƙarfin fartanya, shi ya sa ba ya taɓa ta. Da yake ba ya buɗe baki bai ambaci takin supa ba, manoma suka laƙaba masa Malam Supa. Shi kuwa ya ɗauka sarauta ce.

Ranar kasuwar Gwaram yakan hau kan buhu ya gyara murya: "Jama'a, zamanin dawa da gero ya wuce! Turawa na can Ingila baki buɗe, suna jiran gyaɗarku. Ku zuba supa, ku shuka gyaɗa har bakin zaure!"

Wani manomi, Gwadabe, ya ji ya gaskata. Ya sayar da awakin gida ya sayi taki, ya mai da gonar dawarsa ta gyaɗa. A daminar nan kuturta ta bi gyaɗa gona-gona, ganye ya nannaɗe ya ƙanƙance. Gwadabe ya kai kuka, ga 'ya'ya bakwai, ga rumbu wayam. Malam ya duba littafi ya yanke hukunci: "Laifinka ne. Da hannu ka auna takin, ba da kwalin ashana ba." Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ana nan sai manya suka zo daga Kano duba ɓarna. Malam ya yi ta zagaye da su a mota har ya hango wata gona shar a bayan Fagam. Ya diro, ya buɗe hannuwa: "Ranku ya daɗe, ga aikin supa! Da kaina na zaɓi irin gyaɗar nan. Kuturta ma tana tsoron ilimi!"

Babban baƙon ya kira mai gonar, wani tsoho Bappa. "Baba, supa nawa ka zuba?"

"Mangala goma ta kashin shanu, ranka ya daɗe."

Malam ya fara tari. Bappa ya sunkuya ya tumɓuke saiwa guda, ya kakkaɓe ƙasar, sai ga 'ya'ya ƙulu-ƙulu, ba irin na gyaɗa ba, ya miƙa wa Malam da hannu biyu cikin ladabi.

"Kuma Malam, a gafarce ni, mu nan gurjiya muke ce mata."