Bukari Mai Shan Giya da Hanci

Labarin ya tashi daga Lyon ranar Asabar da la'asar. Kafin magariba ya isa Damagaram, ya biya ta Maraɗi, ya dawo Stains, unguwarsu Bukari a gefen Paris, da ƙiba. Wai Bukari ɗan Hajiya Fatsima ya buɗe gidan giya a Faransa. Wai tukwanensa sun fi tankin ruwan gari girma, wai a ciki yake wanka, wai har tantabarun unguwar tangaɗi suke yi a sama.

To jama'a, a kwantar da hankali, ƙarya ce. Bukari bai buɗe komai ba sai baki. Tun da aka yanke masa cibiya ko ɗigon giya bai taɓa sauka a harshensa ba. Gaskiyar ma ta fi jita-jitar girma: Bukari shi ne babban masanin giya na birnin Paris da kewaye, kuma da hanci ya yi karatun.

Allah ya yi wa bawan nan baiwa. Digiri biyu a lissafi, kwat uku, da takalmin da mace za ta iya sa kwalli a gabansa. Yana aiki a wani kamfanin inshora, inda duk Juma'a in an tashi 'yan biro, wato abokan ofis, ke zuwa su zauna a mashaya. Shekararsa ta farko lemo yake riƙewa a ƙarshen tebur, ba mai tambayarsa ko ƙarfe nawa. Abin ya ci masa rai. Mutumin da a gida ba a raɗa sunan jariri sai an ji ta bakinsa! Sai ya shige ɗaki tsawon lokacin sanyi guda, ya haddace duk abin da aka taɓa rubutawa a kan giya, kamar mai shirin sauka. Da ya fito, ya fito Sarkin Kumfa.

Ga yadda Sarki ke aikinsa. Zai sa a kawo wadda sunanta ya fi wuyar faɗi. Zai ɗauki kofin da hagu, don dama ta cin tuwo ce. Ya ɗaga shi wajen haske, ya juya, ya kai hanci, ya lumshe ido kamar an tuna masa da marigayi. Sannan ya fara:

"Alors, abokaina, ku kan sha, ni kuwa saurara nake. Wannan tana da kunya. Daga farko ta gaishe ka da ɓawon lemo, daga baya ta kawo ƙarar sha'ir. Amma ba ta kai ukun da ke raina ba. Ta farko farar giyar alkama ta wasu 'yan'uwa biyu a Montreuil, wadda ke shiga kamar gaisuwar suruki. Ta biyu wata ja mai ɗaci ta can arewa, ba ta yara ba ce. Ta uku baƙa ce wuluk, a wani ƙauye bayan Lyon ake dafa ta, kuma franchement, wanda bai san ta ba ruwan wanki yake sha."

Kafin ya kai aya kumfar ta kwanta. Sai ya dubi kofin da tausayi, ya ture shi gefe, ya ce, "Ta mutu. Ni ba na shan gawa." Nassim, abokin aikinsa da ke zama kusa da shi, shi ke yi wa gawar sutura.

Shekara biyu ana haka. Sai ga kujera ta faɗi a biro, ta mai karɓar manyan baƙin kamfani, wanda ke fita da su cin abinci yana zaɓar musu abin sha. Bukari ya dubi kujerar, ya ga an sassaƙa ta daidai ƙugunsa. A makon ne kuma shugabarsu, Madam Lina, ta ce za a kai 'yan biro yawon shekara Lyon, shi zai zaɓi inda za a je, kuma ko ana ha-maza-ha-mata sai da shi. Me ya rage? Jarrabawa ce, kuma shi ya rubuta tambayoyin. Nan take ya zaɓi ƙauyen baƙar giya, wurin da bai taɓa takawa ba sai a waya.

Da yake girma ba ya daɗi in babu ɗan gida da zai kai labari, sai ya kira Hamdiya, 'yar kawunsa, taubashiyarsa da ke karatun haɗa magunguna a Lyon. Gaisuwar ma a tsaye ya yi ta. "Lafiya, gida lafiya, karatu lafiya? Ranar Asabar ki same mu a gar, tashar jirgin ƙasa. Ki sa kayan kirki, za ki ga yadda Turawa ke jin maganar ɗan'uwanki."

Daga gar suka ɗauki motar haya mai kujera tara, Nassim na tuƙi, Bukari a gaba yana bayanin ƙasar da sha'ir ke so. Hanyar kuwa ta dutse ce, tana murɗewa kamar hanjin akuya.

Mai wurin, Ilya, ƙato ne mai gemu har ƙirji. Ya zaga da su cikin tukwanen ƙarfe, Bukari na gyara masa bayani a kan tukwanensa. Bayan nan ya jera wa kowa ƙananan kofuna biyar ba suna, ya ce tunda an zo da gwani, gwani ya fara.

Sarkin Kumfa ya gyara kwat. Ya shinshina na farko, ya ce ya ji kukan ciyawa bayan ruwan sama. Ya shinshina na biyu, ya ce marainiya ce amma ta sami tarbiyya. Da ya zo kan baƙar, sai da ya yi minti bakwai, har ya kawo tarihin wasu sufaye na Beljik da ko su ba su san da shi ba. Ya ture kofin, ya sanar da rasuwarta.

"Ba komai," in ji Ilya, ya tsiyayo masa sabuwa, kumfa na tsaye. "Amma giya ba a yanke mata hukunci a hanci. Ɗacinta a maƙogwaro yake. Haɗiye, ka gaya mini."

Kowa ya zuba masa ido. Madam Lina ta tallafe haɓa tana jira. Bukari ya dubi kofi, ya hango kujera a ciki, ya kuma hango fuskar Hajiya Fatsima a ƙasan kujerar. Hamdiya ta matso, ta raɗa masa da Hausa, "Taubashi, bisimilla za ka yi ko a'uziyya?"

Don ya sami lokaci sai ya shiga juya kofin. Juyi ya yi ta ƙaruwa. Baƙar giya ta yi tsalle ta sauka a wandonsa, ta gangara cikin safa, ta zauna a takalmi. Ga shi da alwala, ga la'asar bai yi ba.

"Innalillahi! Najasa!"

Faransancin shekara goma ya gudu ya bar shi. Sarki ya yi wurgi da takalmi, ya fizgi tiyon da ake wanke daɓe, ya tsaya ba takalmi tsakanin tukwane yana dirzar ƙafar wando yana ƙirga wanki da ƙarfi. Hamdiya, da yake yarinya ce mai son zumunci, ta ɗauki hoto ta tura wa dangi.

Ya dawo yana ɗiga. Amma babban mutum ko a jiƙe babba ne. Ya dafa tebur ya ce:

"Mesdames et messieurs, lokaci ya yi da za ku san wani sirri da zai girgiza ku. Ni, Bukari, da na raine ku a wannan fanni, ban taɓa shan giya ba. Addinina ya hana. Duk abin da kuka koya a wurina, daga nan ya fito." Ya nuna hancinsa.

Ya jira girgiza. Ba wanda ya girgiza. Wani ma gyaɗa yake ci.

"Haba Bukari," in ji Madam Lina, "ai har mai gadin biro ya sani. Nassim ya ƙara kilo shida a kan kofunanka."

"To me ya sa kika ce sai da ni?"

Ta zaro makullin mota daga aljihun Nassim ta ajiye masa a tafin hannu. "Ka ga hanyar da muka hawo. Mu bakwai mun sha. Wa zai saukar da mu?"

Ya haɗiye yawu, abu na farko da ya haɗiye a gidan. Ya tambayi zancen kujera da ƙaramar murya. Ashe tun ranar Laraba aka ba Nassim, don su baƙi sun fi son wanda in an zuba masa yake sha. Ilya ya ji tausayi, ya kawo sabon buhun da ba a taɓa zuba komai a ciki ba, ya shimfiɗa masa a tsakar gida. Nan babban masanin giya na Paris ya yi la'asar, tsakanin ganguna.

A hanyar saukowa 'yan biro na baya suna waƙa, kowa da tasa. Bukari ya riƙe sitiyari da hannu biyu, wando na manne da ƙafa. Hamdiya na gefensa, ta yi shiru har aka sha kwana uku na hanya, wanda a wurinta azumi ne.

"Ranka ya daɗe Sarkin Kumfa," ta ce, "wallahi na ga yadda Turawa ke jin maganarka. Amma don Allah in tambaya: a takardar aikin me za a rubuta, direba ko karen mota? Kuma wannan kwanar da ke gaba, za ka sha ta ne ko shinshinawa za ka yi?"

Bai dube ta ba. Ya sha kwanar tsaf, ya gyara madubi.

"Ke 'yar kawu, sau huɗu kina faɗuwa jarrabawar permin tuƙi, a na huɗun mai jarrabawar da kansa ya sauka ya hau bis. Ƙara kalma ɗaya in ajiye ki nan, ki koma wajen mai gemu da ƙafa. Na ji yana neman mai wanke kwalabe, kuma ba a tambayar permi."