Tekun Mama Roza

A ajinmu na Ingilishi a unguwar Moursal akwai wata dattijuwa 'yar Italiya, ma'aikaciyar jinya, muna ce mata Mama Roza. Ranar darasin kalmomin hoto da tunani na shigo ina hura hanci, don na haddace su tsaf. Malam ya ce mu rufe ido, ita ta siffanta mana garinsu. Wallahi matar nan ta iya! Da 'yan kalmominta ta kawo teku cikin ajin, har iskarsa na ji.

Sai Malam ya taɓa ni: "Alhaji, me ka gani?"

Ashe minsharina ne ya katse ta.

Har yau in mun haɗu sai ta ce, "Alhaji, an iso gaɓa lafiya?"